RUWAN KANAL DA LAFIYAR 'YA'YANMU: JAWABI GA MANOMAN RANI A BUNKURE

  

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa ruwan alwala shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma daidai ne. To amma ruwa yana iya cika sharuɗɗan nan uku, ya yi garau, alhali cuta na cikinsa.

Da an ce gurɓatar ruwa sai mu nuna kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa. Gaskiya ne, dagwalonsu mai ɗauke da sinadarin kuromiyam yana gangarawa kogin Challawa, kuma hukuma ta daɗe tana kallo. Sai dai ruwan da ke ratsa Kadawa, Kura da Bunkure daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974. Bai bi ta ƙofar kamfanonin nan ba. To wa ke ɓata shi?

Mu ne. Mutum ya gama feshin tumatir, ya tsoma injin feshin a kanal ya ɗauraye, ya wurga kwalbar maganin a ciki. Can ƙasa kuwa wani yaro na cika jarka zai kai wa uwarsa. Abin da ya tsiyaye daga gonaki, taki da magani, kogin Kano yake komawa, kogin da ake tace ruwansa a Tamburawa a aika birni.

Sai tsargiya. Wasunmu har yau suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Subhanallah! Tsutsa ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, su fito su huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Ba sai an sha ba. Manzon Allah (S) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, amma je ka bakin kanal da azahar ka gani.

Don haka, iyayena, a haƙa rami nesa da kanal a riƙa zubar da ɗaurayen injin feshi. Kwalbar magani a huda ta, kada a mai da ita butar alwala. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai ƙwayar firazikwantel da ake ba su. Muna roƙon limamanmu su ɗauko maganar nan a huɗubar Juma'a mai zuwa.