Matsin tattalin arziki: hannun gwamnati da aljihun ƙungiyoyi



Maganar da za mu tattauna yau ita ce matakan da gwamnati ke ɗauka in tattalin arziki ya durƙushe, da kuɗin da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke kashewa a irin wannan lokaci. Ƙasarmu Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan, saboda haka daga tarihinmu za mu ɗauko misali.

Tun farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, baitulmali ya rame, bashi ya hau wuyan ƙasa. Daga 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da asusun FMI, daga baya da Bankin Duniya. Sharaɗinsu shi ne tsuke bakin aljihu: a rage ɗaukar ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati. Bankin BDRN ya rushe a 1990. Ranar 9 ga Fabrairu na wannan shekara, ɗaliban da suka fito zanga-zanga suka gamu da harsashi a gadar Kennedy ta Yamai. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100. Magani da takin zamani suka yi tsada, ma'aikata kuwa suna bin albashin watanni.

Ku lura da kyau: lokacin da kasuwa ta mutu, gwamnati ta ƙara janye hannunta. Ma'aikacin da ba a biya ba, ba ya sayen hatsi, ba ya kai ɗinki. Manomi da tela su ma sun shiga uku.

An yi ƙoƙarin rage raɗaɗi. Hukumar NIGETIP ta ba ƙananan ƴan kwangila ayyukan tituna da magudanan ruwa domin matasa su samu na cefane. Ƙungiyoyi sun gina rijiyoyi da bankunan cimaka. Sai dai aikin da ya dogara ga kuɗin waje, ranar da mai bayarwa ya naɗe tabarmarsa, ranar yake tsayawa.

Akwai wanda ya ɗore. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna zuba kuɗinsu kowane mako cikin asusu, suna ranta wa junansu, su raba riba in wa'adi ya cika. Jarin nasu ne, shi ya sa tsarin ya bazu har ƙasashen Afirka da dama.

Takunkumin CEDEAO na Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya sake tuna mana wannan darasi. Don haka nake kira ga gwamnati, komai tsanani, ta kare albashi da asibiti da lakwal. Ƙungiyoyi kuma su bayyana wa talakawa nawa suka karɓa, nawa ya isa ƙauye, nawa ya tsaya ga motoci da biro. Mu ƴan jarida, aikinmu mu tambaya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.