Wuta Murhu Ce Mai Duwatsu Uku



Hunturu ya kama, komai ya bushe, iska na kaɗawa. Lokacin gobara ke nan, shi ya sa na roƙi 'yan mintocin nan.

Kowa ya san murhu: duwatsu uku ne, in ka janye ɗaya tukunya ta kife. Haka wuta take. Sai ta sami abin ci, kamar itace ko fetur ko gas. Da zafin da zai tashe ta. Da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Mun sha nuna wa yara a aji: a kifa kofin gilashi a kan kyandir mai ci, ba a jima sai ya mutu. Duk kashe gobara janye dutse ɗaya ne. Ruwa zafi yake ɗaukewa, yashi da jiƙaƙƙen bargo iska suke tarewa, rufe tukunyar gas kuwa yanke wa wuta abinci ne.

A kan ruwa nake so mu daɗe, domin wurinsa hannu yake fara kaiwa. Man gyaɗa ba ya kamawa a kasko sai zafinsa ya haura digiri 300, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Da an watsa shi sai ya nutse ƙarƙashin man, ya rikiɗe tururi nan take, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya cillo man da wutarsa zuwa fuska da rufin ɗaki. Uwargida, ki kashe risho, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe, ki bar shi a inda yake har ya huce. Fetur ma tasowa yake a kan ruwa, ya bi shi duk inda ya gangara. In gobarar lantarki ce, a fara yanke wutar daga mita, don ruwa na kai ta jikin mai watsawa.

Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, gudun fifita ne. Ya kwanta ya yi ta birgima.

Masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, tagoginku duk da ƙarafa, kuma hayaƙi kan riga harshen wuta kisa. Ina roƙonku, daren yau ku bincika wa ke riƙe da makullin ƙofa, ina yake kwana, kuma ko bokitin yashin nan har yanzu da yashi a ciki.