Daga Zamanin Isa Kaita Zuwa Yau: Hanyar Ɗan Talaka Zuwa Jami'a a Dutsin-Ma da Kurfi

Tarihin neman wa ɗan talaka gurbi a manyan makarantu a ƙasar Katsina ba ya cika sai an ambaci Malam Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda aka haifa a 1912 ya kuma rasu a 1994, kuma wanda Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa. Shi kansa ɗan sarauta ne, ya kuma fito daga Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, makarantar da ɗalibanta ƙalilan ne, akasarinsu 'ya'yan masu mulki da na manyan malamai. Abin lura shi ne, mutumin da ya shiga ta wannan ƙaramar ƙofa shi ne ya shafe shekarunsa na ministan ilimi na Jihar Arewa, daga 1957 zuwa 1966, yana faɗaɗa ta ga waɗanda ba su gaji kome ba.

A zamaninsa ne Hukumar Ashby, wadda aka naɗa a 1959 domin ta auna bukatar Nijeriya ta ilimi mai zurfi, ta ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, aka kuwa buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, tare da babbar kwalejin horon malamai a garin a wannan shekarar. Haɗa biyun nan ba a banza aka yi shi ba, domin gwamnatin Sardauna ta gane cewa jami'a ba ta cika da ɗalibai sai an sami malaman da za su raino su tun daga ƙasa, kuma wannan fahimta ita ce gadon da ya fi kowane gini daraja.

Matsalar wancan zamani ita ce nisa da ƙarancin makarantu, kuma ana iya cewa an yi maganinta. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kafa jami'ar jiha a 2006, sannan a 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, ɗaya ta faɗo a Dutsin-Ma, har ya zama yaron Kurfi yana iya barin gida da hantsi ya isa bakin ƙofar jami'a kafin azahar. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jami'ar tarayya ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, wato waɗanda suka fi kowa maki, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana cewa an bar su a baya a ilimin zamani, waɗanda Katsina take cikinsu. A takarda wannan rabo ya yi wa ɗan yankin gata, amma gatan ba ya isa ga wanda bai cika sharaɗin farko ba, wato kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a akasarin fannoni.

A nan ne ɗan ƙauye yake faɗuwa, tun kafin ya kai ga gasar. Makarantar da ba ta da tsayayyen malamin Lissafi ba ta iya ba ɗalibinta wannan kiredit, kome ƙwazonsa. Wanda ya tsallake kuma sai ya tarar da hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma wadda jarrabawarta ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ga kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN da ake bukata kafin rajista. Uba ya sayar da buhun gero ko tunkiya ya biya kuɗin fom da na mota, yaro ya zauna gaban allon kwamfuta a karo na farko a rayuwarsa, lokaci yana tafiya yana laluben inda zai danna, alhali tambayar da ke gabansa ya san amsarta. Irin wannan faɗuwa ba a rubuta ta a matsayin rashin kayan aiki, a matsayin rashin ƙoƙari ake rubuta ta, kuma iyaye da yawa a nan suke yanke ƙauna. Ga 'ya mace kuwa nauyin ya ninka, musamman tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Dutsin-Ma a watan Oktoba na 2023, abin da ya ƙara wa mai shakkar tura 'yarsa hujja.

Akwai hanyoyin agaji, ko da yake saninsu bai bazu ba. Makarantar share fagen shiga jami'a ta Funtuwa, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, an yi ta ne domin gyara wa ɗalibi abin da sakandare ta ɓata, shirin IJMB kuma yana kai mai nasara aji biyu kai tsaye. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda dokarsa ta 2024 ta tanadi bashi marar ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, amma sai ga wanda ya riga ya sami gurbi, don haka bai taɓa matsalar da aka bayyana a sama ba.

Saboda haka aikin da Isa Kaita ya yi daga ofishin minista a Kaduna ya sauko yanzu zuwa ajin ƙarshe na sakandare, kuma masu iya ɗaukarsa suna cikin wannan yanki. Ya kamata jami'a da kwalejin ilimi su buɗe ɗakunan kwamfutarsu ga ɗaliban sakandaren Dutsin-Ma da Kurfi kafin lokacin jarrabawa, su tura ɗalibansu masu koyon aikin koyarwa a fannin Lissafi da Turanci zuwa makarantun ƙauye maimakon cunkusa su a cikin gari, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hali kuma su ɗauki nauyin rajistar yaran da shugabannin makarantu suka shaida ƙwazonsu.