Jawabin Shugabar Mata, Reshen Amurka: A Duba Inshorar Lafiyar Iyayenmu Kafin 7 ga Disamba



 Ga jawabin da na yi a zamanmu na ƙarshen mako, an sa shi a rubuce saboda waɗanda aiki ko renon yara ya hana su zuwa. Yau ba maganar zaɓe ko kuɗin ƙungiya na zo da ita ba. Maganar tsofaffinmu ce, da Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ta kafa tun 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara, a watan Janairu, na je karɓo wa surukata maganin hawan jininta a kantin da muka saba. Mai maganin ya duba kwamfuta, ya ce kamfanin inshorarta ya cire wannan magani daga jerin waɗanda yake biya, sai dai mu biya daga aljihunmu. Na ce ai ba mu canja komai ba. Ya ce su ne suka canja, kuma sun rubuto mana. Da na koma gida na binciko takardar a cikin jakar Hajiya, ko buɗe ta ba a yi ba. Wallahi laifina ne, don ita ba ta karanta Turanci.

To, ga yadda abin yake. Duk shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, ana buɗe ƙofa ga duk mai Medicare ya sake zaɓe. Abin da aka zaɓa zai fara aiki ranar 1 ga Janairu. In ba a yi komai ba, galibi za a bar mutum a tsarin da yake, amma da sabbin sharuɗɗa da sabon farashi. Shi ya sa kamfani yake aiko takardar sauye-sauyen shekara kafin ƙarshen Satumba. Ku nemo ta yau, ku karanta.

Hanyoyin biyu ne. Akwai Medicare ta asali, wato Sashe na A na kwanciya asibiti da Sashe na B na ganin likita da gwaje-gwaje. A nan mutum zai iya zuwa wurin kowane likita da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar, amma yawanci kashi 20 cikin 100 na kuɗin Sashe na B yana kansa, kuma ba shi da iyaka a shekara. Magani kuwa sai an ɗauki Sashe na D daban. Hanya ta biyu ita ce Medicare Advantage, wadda kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa. Tana haɗa komai wuri ɗaya, sau da yawa har da haƙori da tabarau, kuma tana da iyakar abin da za a kashe a shekara. Sai dai tana da nata likitocin da asibitocin, kuma wasu ayyukan sai an nemi izininta kafin a yi.

Abin da nake roƙonku shi ne ku zauna da Mama ko Baba, ku zube duk kwalaben maganinsu a kan tebur. A rubuta sunan kowanne, da ƙarfinsa, da sau nawa ake sha. Sannan a shiga shafin Medicare.gov a saka su, a saka kantin maganin da ake zuwa, zai nuna jimillar kuɗin shekara na kowane tsari. Kada a tsaya ga kuɗin wata-wata kaɗai. Tsarin da ya ce ba ko sisi a wata yana iya cinye ku a wurin magani ko wurin likitan ƙwararru. Bayan haka a kira ofishin likitan da ya san ciwonsu, a tambaya ko yana cikin tsarin a shekara mai zuwa.

Akwai sauƙin da ya kamata ku sani. Allurar insulin ba ta wuce dala 35 a wata ga mai Medicare. Kuma daga 2025 an sa iyaka ga abin da mutum zai biya na magungunan Sashe na D: dala 2,000 a 2025, dala 2,100 a 2026. Masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai tallafin da ake kira Extra Help, ana nemansa ta ofishin Social Security.

Yanzu ga inda ya fi shafar mu. Iyayenmu suna tafiya gida su yi watanni, wasu su wuce Hajji ko Umra. Medicare ba ta biyan jinya a wajen Amurka, sai a wasu 'yan lokuta ƙalilan. Kuma mai Medicare Advantage, idan ya bar yankinsa fiye da wata shida a jere, ana iya cire shi daga tsarin. Wasu kuma sukan ce tunda tafiya za a yi, a daina biyan Sashe na D, in an dawo a sake shiga. Kada ku yi wannan ba tare da shawara ba. Wanda ya yi kwana 63 ko fiye babu inshorar magani, ana ƙara masa tara a kan kuɗin wata, kuma tarar tana bin sa muddin yana cikin tsarin.

Sai maganar komawa Medicare ta asali daga Advantage. Ana iya yi a wannan lokaci, amma inshorar cike giɓi da ake kira Medigap, wadda ke ɗaukar wancan kashi 20 ɗin, ba dole ba ne a sayar wa mutum. A yawancin jihohi, in wata shidan farko bayan shiga Sashe na B ya wuce, kamfani zai iya duba ciwon mutum ya ƙi shi ko ya tsawwala farashi. Jihohin New York da Connecticut ba haka suke ba, ana iya shiga kowane lokaci. Saboda haka a tabbatar da Medigap tukuna kafin a saki wadda ke hannu.

Ku ja kunnen tsofaffi a kan 'yan waya. Wannan lokaci kakarsu ce. Za su kira su ce daga Medicare suke, ga katin cefane kyauta, a karanto musu lamba. Medicare ba ta kiran mutum don ta sayar masa da wani tsari, dillali ma ba shi da ikon ƙwanƙwasa ƙofa ba a gayyace shi ba. Lambar da ke jikin katin nan mai ja da fari da shuɗi a riƙe ta kamar lambar banki.

In abin ya rikice, matambayi ba ya ɓata. A kira 1-800-MEDICARE, a ce ana son tafinta, kyauta ne. Kowace jiha kuma tana da masu ba da shawara kyauta a ƙarƙashin shirin SHIP, a New York sunansa HIICAP, kuma ba sa sayar da komai. Wanda yake cikin Advantage ya ga ya yi kuskure, yana da damar canjawa sau ɗaya tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris, amma gara a gyara tun yanzu.

Don Allah kowace ta tuna da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ginin su, wadda 'ya'yanta ke wata jiha. A leƙa ta a wannan makon, a taya ta buɗe wasiƙunta. Shugabannin unguwanni su kawo mini rahoton gidajen da aka duba a zamanmu na gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa mata.

Wassalamu alaikum.