TSOHON ALLO DA SABON RUMBU: GYARAN MANHAJAR TUSHE TA KWAMFUTA



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda ake gyara manhajar tushe ta tsohuwar kwamfuta domin ta karɓi rumbun bayanai na zamani. Batun ya shafe mu ƙwarai, domin kuwa da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai da Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Hujjar da nake son kafawa ita ce, sau da yawa ba ƙarfen na'ura ne ke tsufa ba, umurnin da aka rubuta mata ne zamani yake wucewa.

Bari mu fara da kalmomi. A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo, watau abin da masu gyara suke kira madabod, wanda dukkan sassa suke manne da shi. A jikin allon akwai wata 'yar ƙwaya, galibi mai ƙafafu 8, wadda ke ɗauke da umurnin farko. Da zarar an kunna wuta, wannan umurni ne yake farkawa, ya duba lafiyar sassa, ya nemo rumbun da babbar manhaja take ciki, kamar Windows ko Linux, sa'an nan ya miƙa mata ragama. Shi na kira manhajar tushe. Sunansa na asali BIOS, kalmar da Gary Kildall ya yi amfani da ita a 1975, kamfanin IBM kuma ya yaɗa ta da kwamfutarsa ta 1981. Daga baya tsarin UEFI ya gaje shi, wanda aka kafa majalisar kula da shi a 2005.

Saɓani tsakanin manhajar tushe da rumbu ba yau ya fara ba. A farkon shekarun 1990 ta kasa ganin rumbun da ya wuce megabait 528. Da aka warware wannan sai aka ci karo da shingen gigabait 8.4, sa'an nan na 137, daga bisani kuma na terabait 2.2. Kowane lokaci rumbu ne yake girma, umurni ya tsaya inda aka bar shi.

Shingen da ke gabanmu yau ba na girma ba ne, na harshe ne. Tsofaffin rumbuna suna magana da allo ta hanyar SATA, wadda iyakar gudunta kimanin megabait 600 ne a daƙiƙa, tana kuma jera umurni 32 kacal a layi guda. A 2011 aka fito da ƙa'idar NVMe, wadda ke bi ta ramin PCIe, tana iya buɗe dubban layuka, gudunta kuwa a zubi na uku yakan kai megabait 3,500 a daƙiƙa. Linux ta koyi wannan harshe a 2012, Windows 8.1 kuma a 2013. Amma alluna da yawa na wancan lokaci, alal misali masu tsarin Z77 na 2012 da Z87 na 2013, an sayar da su ba tare da sun san shi ba. Saboda haka idan ka soka sabon rumbu a ramin, babbar manhaja za ta gan shi bayan ta tashi, amma na'urar ba za ta iya tashi daga gare shi ba. Baƙo ya zo, mai gida bai jin yarensa.

Maganin shi ne a kawo tafinta. Manhajar UEFI an gina ta ne gunduwa-gunduwa, kowace da aikinta. Masu gyara sukan ɗauko gunduwar da ta san NVMe daga taskar TianoCore, wadda take buɗe ga kowa, su buɗe fayil ɗin manhajar allon da kayan aiki irin su UEFITool ko MMTool, su cusa ta cikin 'yan'uwanta. Wani lokaci wuri yakan yi kaɗan, domin ƙwayar sau da yawa ba ta wuce megabait 8 ba, sai a nemi gunduwar da aka rage wa girma.

Wahalar tana wajen mayar da fayil ɗin cikin ƙwaya. Kamfanoni sukan sa hatimi a kan manhajarsu, idan aka taɓa ta hatimin ya karye, sai allon ya ƙi karɓa. Suna da dalili. A 1998 wata cutar kwamfuta mai suna CIH ta ɓulla daga Taiwan, a ranar 26 ga Afrilu 1999 kuma ta shafe manhajar tushe ta na'urori masu ɗimbin yawa. Don haka mai gyara yakan bi ta wata ƙofa, ko ta maɓallin rubutu da ke bayan wasu allunan Asus, ko kuma da 'yar na'urar CH341A, wadda ake maƙala wa ƙwayar a rubuta mata kai tsaye.

A nan ne ya wajaba a kiyaye abubuwa huɗu, kada garin neman gira a rasa ido. Na farko, a kwafi manhajar asali a adana, domin tana ɗauke da lambobin da suka keɓanta da wannan allo kaɗai. Na biyu, kada a ɗora fayil ɗin wani allo dabam, ko da sunansu ya yi kama. Na uku, kada a fara sai da tsayayyar wuta ko batir, domin idan aka ɗauke ta ana tsakiyar rubutu, allon ba zai sake farkawa ba sai an rubuta ƙwayar daga waje. Na huɗu, a sani cewa duk ranar da aka ɗora sabon zubi daga kamfani, tafintan nan ya tafi, na'urar kuma ta daina ganin rumbun da take tashi daga gare shi. Sai an gyara sabon fayil tukuna kafin a ɗora shi. Wanda kuwa bai son taɓa ƙwaya, yana iya sa manhajar Clover a filas, ita ta yi masa tafinta a kowane kunnawa.

A ƙarshe, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62. Duk allon da aka ƙara wa shekaru biyar na aiki, an rage wannan juji, an kuma rage wa ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci kashe kuɗi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai a hannun wanda ya san awo.