Jawabin taron wata: sunan da ke bisa kar giri

Waɗanda sunka taso daga Talaje da Lazare da Bukoki cikin wannan rana, sannunku da hanya.

Shugaba ya ce in yi magana bisa takardun mota, don na daɗe ina tuƙi. Takarda ɗaya zan ɗauka, kar giri, wato takardar da ke nuna mai mota ko mai moto. Cikinta ma layi ɗaya zan tsaya ma, layin suna.

Ku dubi yadda muke da suna a garinmu. Akwai na yanka, akwai wanda kaka ta laƙa ma yaro don ba ta faɗin sunan mijinta, ga kuma na rana, su Ɗanjuma da Ɗanladi. Ranar da anka kai mu lakwal, mushe ya rubuta abin da kunnensa ya ji da baƙaƙen faransanci. Mahamadu ɗaya sai ya zama Mahamadou nan, Mamane can, Mohamed wani wuri. Wani an rubuta sunan ubansa gaba, nasa baya. Wani ya je Makka ya dawo ya ƙara Elhadji bisa takarda guda, ya bar sauran. A gida duk mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin biro kuwa bai san kakanka ba, baƙaƙen kawai yake dubawa.

Ni kaina abin ya same ni. Kawuna ya riƙe ni, shi ya kai ni lakwal, sai anka rubuta sunansa a wurin sunan mahaifina. Da wannan suna na samu kartadanti, da shi na ci parmi, da shi na sayi mota. Sai da tsoho ya rasu, anka zo maganar gado, sannan na ga a takarda ni ba ɗansa ba ne. Na tafi gidan shari'a da shaidu, alƙali ya yi hukunci, anka gyara. Na sake kartadanti, na koma gida ina murna, na manta da kar giri sarai.

Bayan wata bakwai, bisa hanyar Dosso, jami'i ya tsai da ni. Ya dubi kartadanti, ya dubi kar giri, ya ce: «Ina mai motar?» Na ce ga ni. Ya ce takarda ba ta faɗi haka ba. Gaskiyarsa ce, a idonsa ni mutum ne da ke tuƙa motar wani ba da izini ba. Takardar alƙali tana Yamai cikin akwati. Nan na wuni da fasinjoji goma sha biyu, har da mai jego, sai da ƙanena ya aiko ta da motar marece. Kuɗin mota na mayar ma kowa.

To, ga abin da na koya. Takardun nan kamar igiyar guga suke, kowace ɗaure da 'yar uwarta, kuma daga tushe ake gyara. Tushen shi ne takardar haihuwa, ko jujuma ga irinmu da anka rubuta ma «an haife shi wajejen shekara kaza». Ba kai ke canja suna da bakinka ba, ba mai gari ba, ba mai buga takardu na bakin titi ba. Gidan shari'a ke gyarawa, sannan a kai hukuncin wurin da anka rubuta haihuwarka don a sa gyaran cikin littafi. Nan mutane ke yin sakaci. In ba a sa shi cikin littafin ba, duk ranar da ka nemi sabon kopi, tsohon sunan za a ba ka. Bayan wannan sai takardar ɗan ƙasa da kartadanti, sai parmi. Da su a hannu za ka tafi ma'aikatar sufuri da tsohuwar kar giri da kopin hukuncin mai hatimi, ka nemi a fid da sabuwa. Ka faɗa musu sarai: ba sayar da mota na yi ba, mai ita ɗaya ne, suna anka gyara. Ainihin takardar alƙali kada ka bar ta hannun kowa, kopi ake bayarwa. Abin da ka biya kuma ka karɓi rasit. 'Yan kamasho na bakin ƙofa ban ce duka miyagu ba ne, amma ni da ƙafata nake shiga.

Ranar da sabuwa ta fito, kada ka sa ta aljihu sai ka karanta ta baƙi bayan baƙi, ko ka sa yaro ya karanta ma. Ka gwada lambar ƙarfen mota da wadda anka rubuta. Daga nan ka wuce gidan lasuransi su gyara nasu, don ranar haɗari, Allah ya kiyaye, takardu ake jerawa bisa tebur, kuma suna biyu yana sa a yi ta kai da kawowa alhali mai rauni yana kwance.

Tunda na taɓo lasuransi, bari in ratsa kaɗan. Akwai masu sayen mota su bar ta da sunan wanda ya sayar musu, shekara da shekaru. Dokar lasuransi ta CIMA, wadda ƙasashenmu masu sefa sunka sa ma hannu a Yawunde a 1992, ta ce in an sayar da mota, lasuransin tsohon mai ita yana tsayawa bayan kwana 5. Kana yawo da takarda a hannu, amma ba abin da ta rufe maka. In kuma wancan ya rasu, da magadansa za ka yi magana. Samari 'yan kabu-kabu, da ku nake, moto ma haka take.

Dattawa, ku ma da ba ku tuƙi maganar ta shafe ku. Motar da ɗa ya saya ma ubansa, ko wadda mutum zai bar ma iyali, in sunan kar giri bai yi daidai da na takardar mutuwa ba, matarsa da 'ya'yansa ne za su yi ta neman shaidu, mota tana ajiye cikin gida tayoyi na ruɓewa. Mun ga haka cikin ƙungiyar nan, ba sai na faɗi gidan ba. Masu sabuwar haihuwa kuma, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a je a rubuta jariri. Ku tafi da kartadantin uba, a kwafi sunan daga jikinta, kada a rubuta da ka.

Taron wata mai zuwa, duk mai mota ko moto ya zo da takardunsa huɗu: ta haihuwa, kartadanti, parmi da kar giri. Ni da magatakarda za mu zauna tun ƙarfe 3 mu gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga nasa sun saɓa, in yana so, zan raka shi ranar Litinin.