Maƙogwaron Mota: Jawabi Ga Direbobin Katsina

Yau maganarmu a kan numfashin mota ne. Ku kasa kunne, don abu ne da ya shafi aljihunku.

Mota tana shan mai, kowa ya san wannan. Amma iskar da take sha ta fi man yawa nesa ba kusa ba. Kafin injin ya ƙona lita 1 ta fetur, sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Iskan nan tana fara bi ta cikin matata, wadda ke tare ƙura. Daga nan ta shiga wani bututu mai rassa, kowane reshe ya nufi silinda guda. Wannan bututu shi makanikai ke kira manifol. Mu kira shi maƙogwaron injin.

To, ku dubi ƙasarmu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yake sauko mana daga hamada, mafi yawansa daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Wanda ya fita ta Ƙofar Guga ya nufi Jibiya, ko ya bi hanyar Daura ran kasuwa, ya san yadda ƙura ke cika masa hanci. Abin da ya shiga hancinka shi ke neman shiga injinka. In matata ta yage, ƙura ta wuce ciki. Can ta tarar da tururin baƙin mai, a wasu motocin har da hayaƙi. Su haɗu su zama baƙin datti mai danƙo, ya manne a bangon bututu. Hanya ta ƙuntata.

Ga alamun da za ka gani. Mota ta rage ƙarfi a hawa. In tana tsaye injin ya riƙa rawa. Mai ya riƙa ƙarewa da wuri. Wani lokaci baƙin hayaƙi ya fito ta salansa. Amma fulogi ma yana kawo irin wannan, saboda haka duba fulogi da matata tukuna.

In ka tabbata maƙogwaro ne, ga yadda za ka yi.

Na farko, bari injin ya huce sarai, sa'an nan ka cire wayar batir.

Na biyu, kowace roba da waya da za ka cire, sa mata alama. Ga amfanin karatu ke nan. Rubuta lamba a 'yar takarda ka manna. In kana da waya, ɗauki hoto.

Na uku, kwance notuna da sufana, ka zuba su cikin kwano. Da ka ɗaga manifol, toshe ramukan injin da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya in ya faɗa ciki, ya isa ya farfasa fistan. Ka ƙidaya tsummokaran da ka sa.

Na huɗu, wanke shi da kananzir da burushi, a fili inda iska ke kaɗawa. Kada ka yi kusa da murhu. Kada kowa ya sha taba a wurin. Ka kori yara. Manifol na roba kuwa, irin na sababbin motoci, ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi. 'Yan na'urorin lantarki da ke jikinsa a cire su, ba a jiƙa su.

Na biyar, shanya shi ya bushe ƙarau. Ruwa ba ya shiga silinda a kwana lafiya.

Na shida, sa sabon gaskit, watau faifan nan da ke tsakanin manifol da injin. Kada rowa ta sa ka mayar da tsohon. Iska za ta riƙa satar hanya ta gefe, da ƙurarta. Cire tsummokara, ka ƙidaya su kuma. Ɗaura notuna kaɗan kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, aikin nan ba zai gagare shi ba, don injinta a buɗe yake, kafireta ce a kai. Amma sababbin motoci wayoyinsu da yawa. In ka buɗe ka ga abin ya fi ƙarfinka, rufe ka kai gareji. Wannan ba abin kunya ba ne.

Maganata ta ƙarshe ita ce babba. Rigakafi ya fi magani. Lokacin hunturu ka riƙa duba matata kowane mako. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. A kakkaɓe ta a hankali, in ta toshe ko ta yage a sayi sabuwa. Kada ka yarda wani ya ce maka a cire ta mota ta ƙara gudu. Kuɗin matata kaɗan ne, kuɗin sauke injin kuwa sai wanda ya biya ya sani.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.